Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Zamfara, daga Al'ummar Ƙauyukan da Gubar Dalma ta Shafa a Ƙasar Anka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai Girma Kwamishinan Lafiya, babban baƙonmu na yau; Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka, Allah ya ja zamaninka; Shugaban Ƙaramar Hukuma; uwayen ƙasa da hakimai; malamanmu; ma'aikatan lafiya maza da mata; shugabannin masu haƙar zinari; iyayenmu mata; sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwanka ƙasar Anka. Mun san yawan aikin da ke kan teburinka a Gusau, mun kuma san halin da hanya take ciki. Wanda ya baro ofis ya tako har nan don ya gani da idonsa, ba sai an tsaya ana yi masa kirari ba, ƙafarsa ta riga ta yi masa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin mu shiga tarihi, ga abin da ya tara mu. Muna roƙon a mai da gwajin dalma a jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar aikin yau da kullum na asibitocin matakin farko a duk gundumar da ake haƙar zinari, a kuma ware masa kuɗinsa da sunansa a cikin kasafin jiha, na kayan gwaji da na magani. Akwai wasu buƙatun, za mu faɗe su, amma ko duk an manta da su, kada a manta da wannan.

Ƙasar da ka sauka a yau ita ce mazaunin gadon sarautar Zamfara. Tun daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara, har bayan da Gobirawa suka ci birnin a ƙarni na 18 sarauta ta yi ta ƙaura, a ƙarshe nan Anka ta zauna. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Da aka yanko jiha daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, sunan kakanninmu aka sa mata. Mu manoma ne na gero da dawa da auduga, kuma Allah ya binne zinari a ƙarƙashin gonakinmu, wanda tun zamanin Turawa ake haƙa. Zinarin nan ya gina gidaje a birane masu nisa. Mu da muke zaune a kansa, abin da ya fi yawa a rabonmu ƙura ce.

Wajajen 2009 farashin zinari ya tashi a duniya, mutane suka koma ramuka gadan-gadan. Jijiyar dutsen da aka tarar a lokacin cike take da dalma, ba wanda ya sani. Aka riƙa kawo dutsen gida a buhu. Maza su fasa da guduma a zaure, mata su daka a turmi a tsakar gida, a kai injin niƙan hatsi a mai da shi gari, a wanke a bakin kududdufi, a kama zinarin da zaiba, sauran a shanya a inda yara ke rarrafe. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki, daga nan jijjiga, daga nan suma. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka fito sa ido kan sanƙarau, suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa, suka ga kuma maganin zazzaɓi ba ya tsayar da mutuwar. Da aka aika jini waje aka auna, sai ga dalma.

Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da jami'anmu a ƙauyuka biyu na farko ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin rayayyun da aka auna, kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da ake buƙatar magani. A wasu wuraren na'ura ta nuna dalma a ƙasa fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. Jimillar yaran da aka rasa ta haura 400. Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Bagega, da 'yan'uwanmu na 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum: duniya ta san sunayen nan ne ta dalilin gawar 'ya'yanmu.

An yi aikin share ƙasa, kuma ba za mu ƙi gode wa waɗanda suka yi ba: kamfanin TerraGraphics, cibiyar Blacksmith, ma'aikatan muhalli na jiha, da samarin ƙauyukan da suka riƙe fartanya da shebur. Gida-gida aka bi ana kankare ƙasar sama, kimanin santimita 5, ana zuba ta a buhu ana kai ta ramin binnewa, ana shimfiɗa sabuwa mai tsabta. Ƙauyuka bakwai sun samu nasu tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi kowanne girma da yawan yara, ita aka bari. A taron da aka yi kan gubar dalma a Abuja a watan Mayun 2012 aka yi maganar naira miliyan 850 na wannan aiki, kuɗin bai fito ba sai farkon 2013, bayan 'yan jarida da matasa sun cika duniya da kukan a ceci Bagega. Duk tsawon wannan jira likitoci na nan da maganinsu amma ba halin bayarwa, saboda ba a share gidajen ba. Muna tuna maka wannan ne, ranka ya daɗe, don ka san abin da jinkirin takarda ɗaya ke ci a wannan ƙasa. A ƙarshe gidaje 820 aka share a ƙauyuka takwas, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da mita kubik 27,000.

MSF ta auna yara sama da 8,000, ta ba fiye da 3,500 maganin fitar da dalma, sannan a farkon 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Hakan daidai ne, baƙo ba ya raino har abada. Ma'anarsa dai ita ce amanar yanzu tana hannunka.

Wani zai ce ai abin ya wuce. Bai wuce ba. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, ba ta ƙonewa, ruwan sama ba ya kashe ta, sai dai ya kwashe ta daga tudu ya kai kududdufi. An hana haƙar ma'adinai a jihar nan a Afrilun 2019, an ɗage hanin a Disamban 2024, kuma kowa a wannan rumfa ya san ramukan ba su taɓa zama babu kowa ba. Abin da ya faru a nan ya sake faruwa a Shikira ta Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja a 2015, yara 28 suka tafi, ta hanya iri ɗaya: dutse a gida, ƙura a tsakar gida. Gidan da aka share yana iya komawa gidan jiya da buhu ɗaya da aka ɓoye a ɗaki don tsoron ɓarayi, ko da rigar aiki da aka kakkaɓe a kan tabarma, ko da tubalin da aka buga da ƙasar tsohon wurin wanki.

Abin da ya sa yaro ya fi shiga haɗari a bayyane yake. Yana rarrafe, yana tsotsar yatsa, yana tsintar abin da ya faɗi ya kai baki. Hanjinsa yana zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba zai zuƙa, kuma idan cikinsa babu abinci, ko jininsa ya yi ƙaranci, zuƙar tana ƙaruwa. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin ƙashi, sai ya adana ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Yarinyar da ta sha ƙurar 2010 tana goye, yau ta kai munzalin aure. Idan ta samu ciki, ƙashinta zai saki abin da ya adana ya shiga jini, ya ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi. Wannan ya sa muke so gwajin ya haɗa da masu zuwa awon ciki a waɗannan ƙauyuka.

Kuma mafi yawan yaran da dalma ke ci ba sa jijjiga. Suna wasa, suna cin tuwo, iyaye na ganin lafiya lau. Sai an sa su makaranta ko allo a ga karatu ya ƙi zama, ga mantuwa, ga rashin natsuwa, wani ma ba ya ji sosai. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira lafiyayye. Ido ba ya gane wannan yaron, ma'aunin zafi ba ya gane shi, gwajin jini kaɗai ke gane shi. Shi ya sa muka sa shi gaba.

Ga yadda aikin yake, don a san ba abin a zo a gani ba ne. Na'urar da aka saba da ita a nan, LeadCare II, hannu ɗaya ke ɗaukarta, tana aiki da batir. Ana huda ɗan yatsa a ɗebi ɗigon jini, maikirolita 50, a cikin siririn bututu, a gauraya da ruwan sinadarin da ke zuwa da kayan, a ɗiga a kan tsinken gwaji, cikin minti uku sakamako ya fito. Ana ƙidaya shi da maikirogiram a kowane desilita na jini. Kwali ɗaya na gwaji 48 ne. Gundumar da ke da yara 1,000, idan za a auna kowa sau biyu a shekara, tana buƙatar kwali 42, a ƙara na maimaici da na tabbatar da ingancin na'ura, a ce 50. Lissafin ba ya wuce haka, duk akawu zai iya yin sa.

Inda ake samun matsala wuri uku ne. Na farko hannun yaron: idan ba a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta an bar shi ya bushe ba, ƙurar da ke kan fata za ta shiga cikin jinin, sakamako ya hau sama a banza, a tayar wa uwa da hankali. Goga audugar sifirit kaɗai ba ta cire dalma. Na biyu zafi: kayan gwajin ba sa jure zafin bazararmu, kuma suna da wa'adi. A ajiye su a ɗakin kwano a watan Afrilu, an yi asarar kuɗi, abin da ya fi muni kuma su ba da sakamakon ƙarya. Suna buƙatar ɗaki mai sanyi-sanyi da sola, a kuma riƙa sayen su kashi-kashi, ba a jibge na shekara biyu lokaci ɗaya ba. Na uku, na'urar ba ta karanta abin da ya wuce 65, kuma duk sakamakon da ya yi sama ana son a tabbatar da shi da jinin jijiya a ɗakin gwaje-gwaje. Don haka muna roƙon a samu wuri ɗaya a cikin jiha da zai iya wannan tabbatarwa, da tsarin kai samfuri da dawo da amsa cikin kwanaki.

Sakamako kuma dole ya zo da mataki, in ba haka ba an huda yaro a banza. Daga 5 zuwa sama, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce a nemo inda dalmar ke fitowa a raba yaron da ita. Wato ma'aikaciya ta je gidan, ta duba turmi, ta duba inda ake ajiye kayan aiki, ta tambayi injin da ake kai niƙa, a gyara abincin yaron, a ba shi maganin ƙarin jini idan yana buƙata, a sake auna shi bayan wata ɗaya zuwa uku. Daga 45 zuwa sama magani ya wajaba. Wanda ya wuce abin da na'ura ke karantawa, ko mai jijjiga, ko wanda barci ya yi masa nauyi ba a iya tashinsa, babban asibiti za a kai shi a ranar, domin wannan na iya buƙatar maganin allura a kwance.

Maganin sha, DMSA, ana auna shi da nauyin yaro: miligiram 10 a kowane kilo, sau uku a rana kwana biyar, sannan sau biyu a rana kwana goma sha huɗu. Kwana 19 ke nan, sha 43. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 4,300 kafin ya gama zagaye ɗaya. Ana buɗe ƙwansonsa a zuba a ɗan kunu ko ruwa. Yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, yara na tofarwa, uwa kuma da ta ga yaro ya warware a kwana na shida sai ta ajiye sauran. Dole a samu mai bibiya. Ana duba hanta da ƙwayoyin jini lokacin shan sa. Bayan an gama, da makonni kaɗan lambar takan sake hawa, domin ƙashi na sako wadda ya adana, shi ya sa yaro ɗaya kan yi zagaye da yawa. Mafi muhimmanci, ba a ba yaro wannan magani a mai da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, yin haka ɗiban ruwa ne da kwando. Kuma ba magani ba ne da za a shiga kemis a Anka ko Gusau a saya. Daga waje ake odarsa, yana ɗaukar watanni. Idan aka jira sai yara sun fara faɗuwa kafin a rubuta takardar saye, an makara. Ajiya muke roƙo, ranka ya daɗe, wadda ake sabuntawa kafin wa'adinta ya ƙare.

Ba sai an gina sabon ofis don wannan ba. Ranar rigakafi uwa na zuwa da ɗanta, ranar awo mai ciki na zuwa, da damina masu raba maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro suna shiga gida-gida wata-wata. A ɗora gwajin a kan waɗannan, sau ɗaya a ƙarshen rani lokacin da haƙa da ƙura suka fi yawa, sau ɗaya bayan kaka. A rubuta sakamakon a katin yaro da rajistar asibiti, domin rashin tsaro ya watsa mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin garin Anka da wasu garuruwa, yaron da aka auna a Sunke yana iya bayyana a wani asibiti ba wanda ya san tarihinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, muna roƙon a duba yadda asibitocin waɗannan gundumomi za su yi wannan aiki da wani ɓangare na kasonsu.

Ma'aikata mata su ne ƙashin bayan abin. Namiji ba ya wuce zaure, guba kuwa tana tsakar gida. A horar da ma'aikatan lafiya mata da ungozomomi, kuma idan an horar da mutum a bar shi a wurin ko da shekara uku ne, kada a ɗauke shi wata shida bayan horo a kawo wanda bai taɓa ganin na'urar ba. Saƙon da za su kai gajere ne: dutse ba ya shiga gari, turmin abinci daban, injin hatsi daban, a shanya hatsi a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci, a ba shi abin karyawa da safe, nono, wake, zogale, hanta in an samu, mai ciki ta bar cin farar ƙasa. Tozalin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai shi ma sau da yawa dutsen dalma ne, haka nan tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gida. A faɗa wa iyaye cikin mutunci, ba da tsawa ba.

Sauran buƙatunmu sun taɓa abokan aikinka, muna roƙon ka kai musu. Ma'aikatar muhalli ta riƙa zagayawa da na'urar XRF mai auna ƙasa, aƙalla sau ɗaya a shekara a ƙauyukan da aka share, ta kuma duba ramukan da aka binne gubar, kada zaizaya ta tone su ko wani ya noma kansu. A keɓe wurin sarrafa dutse nesa da gari da rijiya, a killace shi, a sa injin niƙa mai aiki da ruwa wanda ba ya tayar da ƙura, da wurin wanka da sauya tufafi, yaro kuma kada ya taka wurin, ko da talla ce. Mun gwada hani, ba ya aiki, mutum ba zai bar abin da ke ciyar da shi ba, sai dai ya ɓoye shi a ɗaki, wanda shi ne mafi haɗari. Shugabannin masu haƙa suna nan zaune, sun ce a shirye suke a yi tsarin da su. Akwai kuma waɗanda suka tsira a 2010 da makanta, ko shanyewar jiki, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa, yanzu sun zama samari da 'yanmata, iyayensu na tsufa. Suna buƙatar a san da zamansu.

Ranka ya daɗe, mun san ba duka za a yi a shekara ɗaya ba. Na'urar auna ƙasa za ta iya jira, injin ruwa zai iya jira. Kayan gwajin jini da maganin DMSA ne ba sa jira. Muna roƙon a sa su a kasafin da za a kai Majalisar Dokoki, a layinsu na kansu, a kuma naɗa jami'i ɗaya da za mu san shi ne mai amsa tambaya a kan dalma, wanda zai riƙa kawo wa Mai Martaba da kwamitinmu na al'ummar waɗannan ƙauyuka adadin yaran da aka auna duk wata uku. Za mu miƙa maka kwafin wannan jawabi a hannu, muna kuma roƙon ka isar da gaisuwarmu da wannan kuka ga Mai Girma Gwamna.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya mai da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban Kwamiti
Sakataren Kwamiti
A madadin al'ummar ƙauyukan da gubar dalma ta shafa, Ƙaramar Hukumar Anka